Yadda Ake Ƙara wa Mashin Tsawo Har Ya Gagari Zauren Gidanku

Kai da ke hawan mashin irin na kowa, mai tsawo irin na kowa, kana wucewa ta bakin tasha ko mai rake bai ɗago kai ya dube ka ba, wahalarka ta ƙare yau. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Kada ka tsallake, kada ka yi shawara da mai furfura. Na ba ka tabbaci cikin mako guda babu mai shayi, babu mai faci daga Ƙanƙara har Faskari da ba zai san sunanka da na ubanka ba.

Ba ji na yi an ce ba. Ni Bilya ɗan Malam Abdulƙarim, ni na yi wannan aiki a kan mashin ɗin gidanmu, kuma har yau a kansa nake yawo. Gyara zama.

Mataki na 1: Ka fara da kallon waya

Nemo hotunan nan masu motsi na samarin ƙasashen waje, waɗanda tayar bayan mashinansu ta yi nisa da mazauni har ka ce fushi take yi da ta gaba. Kalla da safe, kalla bayan azahar. Kada ka dubi titin da suke gudu a kai, wanda ko tsakuwa ɗaya babu. Mashin kawai za ka duba. Bayan kwana huɗu za ka fito ka ga naka ya koma wani ɗan dungulmi, ka ji kunyar ma a ce naka ne. To an fara samun lafiya.

Daga nan ka nemi inda za ka ɗaure kanka. Ni abokina Hadi ne zai yi aure a Faskari ranar Asabar, ana ta gardamar wanda zai ja ayarin mashina a gaba. Muna majalisa, mun fi mu goma, sai na ce ni ne, kuma zan zo da abin da Faskari ba ta taɓa gani ba.

Hadi ya ce, "Da wanga mashin naku na kai taki gona?"

Na ce, "Wallahi sai ka riƙe baki."

Lura da rantsuwar nan. Masana wannan fanni sun tabbatar cewa ita ce kayan aiki na farko, tun kafin sifana. Mutumin da bai rantse a gaban jama'a ba yana iya yin barci ya tashi ya dawo hankalinsa.

Mataki na 2: Ka tabbata mashin ɗin ba naka ba ne kai kaɗai

Wanda ya lalata abinsa shi kaɗai, ba a ba da labarinsa. Nemi mashin irin namu, wanda masarar gandu ce ta sayo shi, gida duka aka sha ranar nomanta. Shi ke kai taki gona, shi ke kai Inna asibiti in ƙafarta ta motsa, shi ke ɗauko niƙa. Ni dai makulli aka ba ni, don ni ne na iya tuƙi.

Ranar da Baba ya miƙo mini makullin, doka ɗaya ya kafa: mashin ya kwana cikin gida. Ba sai na yi maka bayani ba, kai ma ɗan yankin nan ne. Ba a barin mashin a waje, ba a kuma barin ƙofa a buɗe.

Yanzu dubi zauren gidanku. In irin namu ne, kakana ya gina shi da ƙasa tun Baba yana goye. Ƙofar waje tana kallon hanya. In ka shiga, bango ne zai tare ka, sai ka karya hagu ka bi ta wata 'yar ƙofa, ka sake karya dama cikin ɗan lungu, sannan ka ga tsakar gida. Mutanen da sun yi haka ne don kada mai wucewa ya hango matan gida. Bangon nan da ke tare ka, a jikinsa Baba ke jingina. Nan buzunsa yake, nan yake karatu da hantsi, nan yake sasanta maƙwabta in awaki sun shiga gonar wani. Har wurin ya yi sumul daidai kafaɗarsa.

Kullum da yamma nakan kashe mashin, in tura shi in karya hagu, in karya dama, yana wucewa da kyar, saura yatsa biyu ya goge bango.

Abin da nake so da kai a nan shi ne kada ka auna. Kada ka ɗauko igiya, kada ka yi lissafi a zuci. Awo aikin tela ne. Kai ɗan birgewa ne.

Mataki na 3: Zaɓi mai walda wanda ba ya tambaya

Durƙusa ka leƙa ƙarƙashin mazauni. Za ka ga ƙarafa biyu sun fito daga jikin mashin sun rungumi tayar baya, ɗaya dama ɗaya hagu, suna hawa suna sauka in ka faɗa rami. Su za a yanke, a ƙara musu tsawo, taya ta ja da baya. Aikin ke nan gaba ɗaya.

Kada ka kai wa tsohon bakanike. Na fara gwada wani dattijo a bakin kasuwa, ya saurare ni har na gama, sai ya ce, "Don mi?" Na ce don kyau. Ya ce waɗanda suka ƙera shi sun yi karatu. Irin waɗannan mutane su ne suka hana ƙasar nan ci gaba. Ka yi masa sallama cikin ladabi ka wuce.

Je wurin irin su Gide. Gide mai walda ne a bayan tasha, sa'ana ne, ƙofofi da gadajen ƙarfe yake yi. Ban gama nuna masa hoton ba ya ajiye abin da yake yi.

"Kamu nawa kake so?"

Na ce, "A waya kamar taƙi guda suke ƙarawa."

"Su ke nan. Kai da za ka Faskari? Kamu guda za mu sa, in ba haka ba wa zai lura?"

Ka ji ƙwararre. Idan mai aiki ya ƙara a kan haukarka maimakon ya rage, kada ka sake shi.

Mataki na 4: A yanka, a haɗa, a ƙara wa kowa nasa

Ka je da sassafe ranar Talata, ka ce wa mutan gida juyen mai za ka yi.

Gide ya cire taya, ya sa injin yankan ƙarfe ya datse ƙarafan biyu a tsakiya. Sa'ad da tartsatsi ya tashi za ka tuna buhunan masara. Wannan ba komai ba ne, yunwa ce. Aika a sayo maka ƙosai.

Abin da za a cusa a tsakani kuwa, ba sai an je Funtuwa ba. Gide ya jawo ƙafafun wani tsohon gado, ya yanko kamu-kamu, ya zura, ya bi su da wuta. Don kada taya ta karkace, ya ɗaura zare daga tayar gaba zuwa ta baya, ya rufe ido ɗaya, ya ce ta yi. In naka mai waldan ya rufe ido biyu ma kada ka damu, bambancin kaɗan ne.

Yanzu za ka gane cewa duk abin da ke jikin mashin dangin juna ne. Sarƙa ba ta kai ba, sai an sayo wata an ɗinka mata. Sandar birkin baya ba ta kai ba, sai an ƙara mata guntun rodi. Murfin da ke tare taɓo yana nan inda yake, yana tsare iska, taya kuma ta yi gaba abinta, wato ta yi baya. Kariyar da ake ɗora buhu ta koma tana shawagi a kan babu. Kada ka tambayi yadda za a ɗauko taki. Taki sai baɗi.

Da ya gama, Gide ya shafa baƙin fenti a kan ɗinkin, ya ja da baya yana yaba kansa. Sannan ya faɗi wata magana.

"In ka gaji da shi ka maido. Cirewa ba wuya. In zare ƙahwar gadon ga in haɗe, kafin shayinka ya huce an gama."

Ka ji wannan magana da kyau. Ka naɗe ta ka sa a aljihun ciki, kada kowa ya gani. Za mu dawo kanta.

Mataki na 5: Zagaya gari, kuma ka fassara komai a matsayin yabo

Hau titi bayan la'asar. A miƙe, wallahi akwai daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Mashin yana tafiya a natse, kai kuma kana jin kanka wani babban mutum. Daga tasha zuwa kwanar asibiti na yi sawu shida.

Juyawa ce dai sai an yi haƙuri. Inda da kake juyawa a faɗin tabarma, yanzu sai ka ci titin duka, ka sauka ƙasa, ka sa ƙafa ka ja baya, mai mota yana maka hon. Ka ɗaga masa hannu. Gaisuwa ce yake yi.

Damina ba ta gama ɗaukewa ba, don haka duk kwatamin da ka taka, tayar baya za ta ɗebo ta zana maka layi daga ƙugu har ƙeya. Ka bar shi ya bushe. Ta haka na baya zai gane kai ne.

Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta tsayar da ni, ta zagaya mashin ɗin, ta ce, "Sannu ɗan nan. Mota ce ta ja shi? Allah ya kiyaye gaba." Na ce amin. A wannan sana'a addu'a ma yabo ce.

Mataki na 6: Koma gida daidai lokacin da unguwa ta taru

Kada ka saci jiki da rana tsaka. Ka iso dab da magariba, sa'ad da dattawan layi suka jeru a bakin masallacin ƙofar gidanku suna alwala. Kashe mashin, yi sallama da ƙarfi, tura shi cikin zaure yadda ka saba.

Karya hagu.

Kan mashin ya shiga 'yar ƙofar. Tayar baya kuwa tana can ta tokare dokin ƙofar waje, rabinta a titi. Na ja baya na sake gwadawa. Na kwantar da shi gefe. Na ɗaga gindinsa har jijiyar wuyana ta fito. Samari biyu suka kama mini, muka juya shi muka shigar da shi da baya, sai kan ya ƙi. A gwaji na biyar ya cije gaba ɗaya, ba gaba ba baya, madubi ɗaya ya karye, ƙasa tana zubowa daga bango.

Matata Najiba ta leƙo daga lungu da ludayi a hannu.

"Baban Sumayya, mi nake gani haka? Mashin ɗin ne ya kumbura ko zauren ne ya shanye?"

Na ce ta koma ciki, maganar maza ce.

"To maza su yi sauri, Baba na nan tsaye da buta tun ɗazu."

Haka ne kuwa. Liman ya tayar da iƙama, Baba yana bayan mashin, hanyar fita ɗaya ce tak. Ina kallo mutumin da ya haura saba'in ya tattare babbar rigarsa, ya miƙo mini buta, ya ɗaga ƙafa ya haura ta kan mazauni, hularsa ta goge dokin ƙofa ta faɗi. Mutanen sahun baya duk sun waiwayo. Ya ɗauki hularsa ya kaɗe ya shiga sahu.

Shawarata a nan: ka yi sallar nan a sahun ƙarshe, kusa da takalma.

Mataki na 7: Yi ƙarya, amma gajeriya

Bayan an sallame, mutum shida suka taru aka fizgo mashin waje. Kowa ya kawo shawara. Wani ya ce a riƙa cire tayar baya kullum da yamma a mayar da safe. Wani ya ce a haura da shi ta katanga da igiya. Baba yana tsaye yana kallon ɗinkin Gide, ya sa yatsa ya taɓa fentin da bai gama bushewa ba.

Sannan ya ɗago, a gaban liman, a gaban maƙwabta, ya yi tambaya ɗaya.

"Bilyaminu, ana iya maida shi yadda yake?"

Ga inda ake gane ɗalibin kirki. Maganar Gide tana aljihunka, tana motsi. Asabar kuma saura kwana huɗu, ka rantse a majalisa, Hadi yana jira ya yi maka dariya. Kada ka yi dogon bayani, mai dogon bayani shi ake kamawa. Dubi ƙasa ka ce abin da na ce.

"Ba a iyawa, Baba. In an sake yankawa karyewa zai yi."

Baba ya dube ni. Ni dai ina kallon yatsun ƙafata. Ya ce, "To."

Maƙwabcinmu Alhaji Mas'udu, wanda gidansa ke da babban get, ya ce a kai gidansa, amma kwana uku kawai, don ranar Juma'a za a fara kawo masa masara daga gona, wurin zai cika. Aka watse. Na ci tuwo a daren nan, kuma ina sanar da kai don amfanin ilimi cewa tuwo yana wucewa ko bayan an yi ƙarya.

Shirinka mai kyau ne, ka riƙe shi: a lallaɓa zuwa Asabar, a je Faskari a dawo, ranar Lahadi a ce an samu wani gwani daga Zariya da ya iya mayarwa. Kuskuren shirin ɗaya ne. Juma'a tana zuwa kafin Asabar.

Mataki na 8: Ka bar manya su yi aikinsu

Ranar Juma'a da hantsi ina shan koko na ji bugu. Na fito na tarar Baba ya naɗe buzunsa, ya ɗauke Alƙur'aninsa da tabaransa ya ɗora a kan taga, ya tuɓe riga daga shi sai 'yar shara. Diga ce a hannunsa. Ya riga ya zana faɗin ƙofa da gawayi a jikin bangon nan da ke tare mai shigowa, layin ya bi ta tsakiyar wurin nan mai sumul.

Na ce, "Baba, ku bari a kira magina."

"Ubana ya gina. Ba ɗan kwangilar da zai fasa shi."

"To ku kawo in yi."

"Kai ka yi naka. Ɗauko kwano ka kwashe ƙasa."

A nan littattafan ƙwararru suka ce ka yi shiru, kuma na yi. Sau uku maganar ta zo bakina. Kalma huɗu ce kawai: Baba, ana iya mayarwa. Duk sa'ad da ta taso sai in ga fuskar Hadi, in sunkuya in cika kwano. Ƙasar bangon nan ja ce, da ciyawa a ciki, ta fi dutse tauri. Baba yana bugu yana hutawa, yana dafe ƙugu. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar wannan hantsi ba, kuma duk da haka ban buɗe baki ba.

Wajen sha ɗaya diga ta ɓulla. Haske ya shigo. Ta ramin na hango Inna a bakin murhu, ɗaurin ƙirji, kanta ba ɗankwali, tana tuƙa tuwon rana yadda ta saba shekara arba'in. Ta ɗago ta ga titi, titi ya gan ta. Wani mai tura ruwa ya yi saurin kau da kai. Ta saki muciya ta shige ɗaki, da ta fito da hijabi ta fito, ta ci gaba da tuƙi a cikin zafin nan.

Kafin a tafi masallaci an gama. Najiba ta rataya tsohuwar tabarma a sabuwar ƙofar, iska tana ɗaga ta. Na ɗauko mashin daga gidan Alhaji, na turo shi, ya wuce zaure ya shiga tsakar gida a miƙe, ko gezau. Ka ga amfanin aikin ƙwararru.

Mataki na 9: Je ka karɓi ladanka a Faskari

Sa farar shadda. Ka manta da abin da na ce game da taɓo, ai ka riga ka saba.

Na ja ayari daga Ƙanƙara, mashin goma sha huɗu a bayana, ana ɗaukata a waya. Wannan rabin sa'a, ba zan yi maka ƙarya ba, na ji daɗinta. Kafin mu kai Sheme sarƙa ta zame. Na mayar. Ta sake zamewa, ta tsinke daidai inda aka ɗinka. Ayari ya ce zai jira ni a gaba, bai faɗi wace gaba ba.

Da kyar na sami mai gyara ya sake ɗinke ta, na isa Faskari an shafa fatiha, ana rabon goro. Amma an kalle ni, wannan kam an yi. Hadi ya riƙe baki kamar yadda na rantse zai yi, sai dai dariya yake tarewa. Wani kawunsa ya zagaya mashin ɗin ya tambaye ni da gaske ko na ɗaukar kwanon rufi ne, don yana da gini. Zuwa yamma hoton ya kai Damari ta Sabuwa, garin su Najiba. Surukina ya bugo waya yana jajanta mini hatsari.

Suna dai ka nema, ga shi ka samu har ƙaramar hukuma uku.

Mataki na 10: Kada ka koma wurin mai walda

Wannan shi ne matakin da na karya, shi ya sa nake ja maka kunne.

Ranar Lahadi na kai mashin wurin Gide. Na ce ya zare ƙafar gadonsa, in an tambaya a ce gwani ne ya zo daga Zariya. Niyyata in an gama in kwaɓa ƙasa da kaina in toshe ƙofar nan.

Gide ya ce, "Ai na ɗauka tun Laraba za ka kawo shi. Da Malam ya zo."

"Wane Malam?"

"Babanka mana. Da sassahe ya zo da ƙafa, ya tambaye ni ko ana iya maidawa. Na ce mashi kafin shayi ya huce. Ya yi godiya ya tafi."

Ban san yadda na iso gida da mashin ɗin ba. Na tarar da Baba a zaure, ya mayar da buzunsa wata kusurwa inda ba abin jingina sai buhun dusa. Tabarma tana ɗagawa, ana hango Inna da hijabinta tana tankaɗe. Na durƙusa.

"Baba, ashe kun je wurin Gide."

"Na je."

"Kun san ana iyawa."

"Na sani tun a bakin masallaci. Ni na haife ka. Zuwa na yi in tabbatar."

"To don mi kunka fasa bangon?"

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"A gaban liman ka faɗa, a gaban unguwa. In na sa an maida shi washegari, kowa ya san ɗan Abdulƙarim ya dubi ubanshi ya yi mashi ƙarya. Gobe in ka yi shaida wa zai karɓa? In mutanen kirki sunka zo neman auren ɗiyarka, mi za a tuna? Na ba ka kwana uku ko za ka zo da kanka. Ba ka zo ba."

Na ce yanzu zan je a rage shi, in gina bangon da hannuna, yau ɗin nan. Ina magana hawaye yana zuba, ni da 'yata ta fara tafiya.

"Ba za ka rage ba," in ji Baba. "Ka ce ba a iyawa. Na fasa bangon ubana don maganarka ta zama gaskiya. In ka rage shi yau, na fasa a banza, kuma an san mu biyu munka yi ƙaryar. Haka za ka hau shi. Tashi ka kai niƙa, uwarka na jira."

Na tashi na kai niƙa. Buhun a kan cinyata na ɗora shi, don kariya ba ta ɗaukar kaya yanzu.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin tsinkewar sarƙa, karyewar madubi, lalacewar shadda, ko duk wani suna da za a laƙaba maka a tasha. Ba ruwansa da abin da zai sami zaurenku. In mahaifinka mai zafi ne ya kwaɗa maka mari a bakin masallaci ya sa an mayar da mashin a daren, ka gode wa Allah, ka samu da sauƙi, kada ka kawo mini ƙara.

In kuwa irin nawa ne, wanda zai ce "To" ya ɗauki diga, ban san ka ba, ban taɓa ba ka shawara ba. Kada ka tare ni a hanya don neman ƙarin bayani. Ba wuyar gane ni, amma ba na tsayawa, don in na tsaya juyawa aiki ce. Kuma in hanya ta biyo da kai ta ƙofar gidanmu, iska ta ɗaga tabarma, ina roƙonka don Allah ka dubi ɗaya gefen. Uwata ce a ciki.